Babi Na Biyar: Wa Za A Ba Wane Littafi?

Duk wanda aka san shi da yawan karatu, a gida ne ko a makaranta ko a wurin aiki, ba ya rabuwa da tambaya guda: "Don Allah wane littafi ne mai daɗi?" Yawancinmu ba ma ko tsayawa tunani. Sai mu ambaci wanda ya fi burge mu, mu yi ta zuba masa kirari, mu ɗauko mu miƙa. Bayan sati biyu a dawo mana da shi, an ninke kusurwar shafi na goma sha wani abu, mai aron yana ba da haƙuri wai bai samu lokaci ba. Sau da yawa lokacin ya samu. Abin da ya faru shi ne an ba shi littafin da ya dace da wani mutum daban, ko kuma wanda zai dace da shi ɗin a wata shekara, ba bana ba.

Zaɓa wa mutum littafi yana farawa ne daga sanin mutumin, da sanin halin da zuciyarsa take ciki a ɗan tsakanin nan. Sanin littattafan dole ne, amma shi ne na biyu.

Waɗanda na ga sun fi kowa iya wannan aiki su ne masu shagunan hayar littafi. Tun daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da marubuta irin su Talatu Wada Ahmed, mai Rabin Raina, suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu ba tare da jiran wani kamfani ba, ƙananan littattafan nan suka cika kasuwar Sabon Gari ta Kano, daga nan dillalai suka bazu da su Zariya da Katsina da Kaduna da Sakkwato, har Maraɗi da Damagaram. Ba kowa ke iya sayen duk wanda ya fito ba, sai haya ta zama sana'a. Shagon ɗan ƙarami ne, wani lokaci ma tebur ne kawai a bakin zaure. Littattafan an jera su a kanta ko an rataye a igiya, bangon an naɗe shi da leda saboda yawan hannu, an buga hatimin shagon a shafin farko. Gefe guda ga babban littafin rajista, inda ake rubuta sunan mai karɓa da sunan littafi da ranar dawowa.

Da yawa daga cikin masu hayar matan aure ne da ba su fitowa, saboda haka mai shago bai taɓa ganin fuskarsu ba. Yaro ake aikowa da kuɗi a dunƙule a hannu da saƙo a baki.

"Salamu alaikum. Wai in ji Anti, a ba ta mai ban tausayi, amma ban da wanda ake mutuwa."

"Wanda ka dawo da shi fa, ta gama?"

"Ta ce ba ta ƙarasa ba. Wai matar ciki ta cika haƙuri, haushi take ba ta."

Mai shago ya yi shiru, ya buɗe rajista ya duba abin da matar nan ta karɓa a watanni biyun da suka wuce. Ya ga da can littattafan samari da 'yan mata take ɗauka, yanzu kuwa duk na zaman kishi ne. Ba zai tambayi yaro me ke faruwa a gidan ba, wannan ba huruminsa ba ne, kuma rashin kunya ne. Amma ya fahimci abin da ake nema: labarin macen da aka zalunta, wadda ba ta tsaya ga kuka kaɗai ba. Ya tsallake littattafai goma masu ban tausayi ya zaro ɗaya. "Ka ce mata ta gwada wannan. In bai yi mata ba a dawo da shi gobe, ba sai ta biya ba." Yadda mai atamfa a Kantin Kwari yake duban fatar mai saye kafin ya sauko da turmi, haka shi ma yake duban abin da aka karanta a baya kafin ya miƙa hannu kan kanta.

A cikin wannan 'yar hira akwai tambayar da ta fi kowace amfani, kuma ita nake roƙon duk mai ba da shawarar littafi ya riƙe: wanne ka karanta na ƙarshe, kuma a ina ka ajiye shi? In ka tambayi mutum irin littafin da yake so, zai faɗa maka abin da yake ganin ya dace a ji daga bakinsa. Ɗalibi zai ce mai ilmantarwa, magidanci zai ce na tarihi. Amma in ka tambaye shi wanda ya kasa ƙarasawa da dalili, gaskiya za ta fito. Wani zai ce surutu ya yi yawa, ba a zuwa ko'ina. Wata za ta ce sunaye sun yi mata yawa ta rikice. Wani zai ce da ya ga aljani ya shigo labarin ya rufe, shi ba ya son abin da hankali ba zai ɗauka ba. Kowace amsa a cikin waɗannan ta rage maka rabin kanta.

Inda aikin ya fi wuya, kuma inda na fi son mu daɗe, shi ne mai karatun da yake cikin damuwa. Mu ɗauki macen da aurenta ya mutu, ko aka yi mata kishiya aka juya mata baya. Duk wanda ya san littattafan Hausa, abin da zai fara faɗo masa shi ne Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Labarin Rabi ne, matar Alhaji Abdu, ɗan kasuwa mai rufin asiri da ya bar ta da wahalar ciyar da 'ya'ya tara, ya auro Delu, rigima ta tashi, ya kore ta da yaranta. Rabi ta kama sana'ar abinci, ta riƙe 'ya'yanta, ta aurar da Saudatu ga mutumin kirki, shi kuwa Alhaji gobara ta cinye masa shago, duniya ta juya masa baya. Littafi ne da aka rubuta da sanin cikin gida: kuɗin cefane da ba ya isa, kuɗin makaranta, yadda dangi ke shiga magana, yadda unguwa ke kallo. Darajarsa ta kai har Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci, aka buga a Indiya a 2012.

To amma a ba ta shi yaushe? Matan da ke cikin wannan hali ba ɗaya suke ba. Akwai wadda babban ciwonta shi ne ganin kamar ita kaɗai ce aka taɓa yi wa haka, kowa yana ce mata ta yi haƙuri, babu mai cewa an cuce ta. Wannan in ta karanta labarin Rabi za ta ji an faɗi abin da ke ranta, kuma za ta ga mace irinta ta tashi da ƙafafunta. Ita ce ainihin mai littafin. Akwai kuma wadda takardar sakin ba ta fi kwana goma a hannunta ba, ba ta barci, ko sunan kishiya aka ambata sai hawaye. In ka ba ta wannan littafi ka mayar da ita cikin ɗakin da take neman hanyar fita. Sannan wajibi ne mai ba da shi ya san ƙarshensa, domin bayan duk abin da ya faru, dangi sun taru a kan Rabi ta karɓi mijin da ya wulaƙanta ta. Wata za ta karanta wannan ta ga marubuciyar ta faɗi gaskiyar yadda al'ummarmu take, ta yi ta tunani. Wata kuwa za ta ɗauka saƙo ne ka aiko mata a fakaice cewa ta koma. Wanda bai karanta littafin har ƙarshe ba bai san wannan haɗari ba, shi ya sa ba na yarda mutum ya ba da shawarar littafin da labarinsa kawai ya ji.

Ita ta biyun, abin da take bukata shi ne a ɗauke mata hankali na awa biyu, ta yi dariya ko da sau ɗaya ne. A nan ban san abin da ya kai Ruwan Bagaja ba. Abubakar Imam ya rubuta shi yana saurayi, yana koyarwa a Katsina, don gasar da Rupert East ya shirya a 1933, aka buga shi a 1934. Shekarunsa sun haura tamanin, har yau bai daina ba mutane dariya ba. Alhaji Imam ya bar Kwantagora neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, a hanya ya gamu da Malam Zurƙe, suka yi ta ƙulla wa juna tsiya daga wannan gari zuwa wancan, kowa na rama abin da aka yi masa. Babu kishiya a ciki, babu surukai, babu abin da zai taɓa gyambon. Ga shi gajere, ana iya gama shi tsakanin la'asar da isha'i. Mutane da yawa sun karanta shi a makaranta don jarrabawa, suna zaton sun san shi. Karatun jarrabawa daban, karatun wanda ke neman sauƙin zuciya daban.

Akwai ta uku, wadda aurenta bai mutu ba, tana ciki, tana son ta gyara. Ita ba labarin tashi take nema ba, labarin zama take nema. Irin wannan ne littattafan Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa, wadda masu karatu ke kira Anti Bilki, suka yi wa rana shekara da shekaru: Allura Cikin Ruwa, Wa Ya San Gobe?, Ki Yarda Da Ni. Matan cikinsu galibi masu ilimi ne, masu tsafta da iya magana, masu addini, suna cin nasara da dabara da sanyin hali. Wasu masu nazari suna ganin duniyar littattafan ta cika daula, gidaje da motoci sun fi na yawancin masu karanta su. Haka ne. Amma na ga matan da suka koyi yadda ake faɗa wa miji magana mai nauyi ba tare da an ɗaga murya ba daga waɗannan shafuka, kuma ba ni da ikon raina abin da ya amfane su.

Mai makoki kuwa, a yi hattara da Shaihu Umar. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya, ya rubuta shi don gasar nan ta 1933, kuma Adamu Halilu ya mayar da shi fim a 1976. Labarin yaro ne da aka sace, bauta ta kai shi hannun wani Balarabe, ya ƙetare hamada, ya zama malami. Abin da ke karya zuciya a ciki shi ne uwar, wadda ta bar gida ta bi sawun ɗanta, ita ma ta faɗa hannun masu bauta, ba su sadu ba sai tana gab da barin duniya. Muryar littafin a natse take, dattijo ne ke ba ɗalibansa labarin rayuwarsa, babu kururuwa, komai an mayar wa Allah. Wanda ya rasa mahaifiya shekara guda ko biyu da suka wuce, ya kai lokacin da yake son ya zauna da baƙin cikinsa a hankali, wannan littafi zai zauna tare da shi. Wanda ake zaman makoki a gidansu yanzu, a bar shi tukuna. Wataƙila ma ba littafi yake bukata ba, mutum yake bukata a kusa da shi.

Sai saurayin da mai kuɗi ya ƙwace wa budurwa. Wannan ciwo ya daɗe a ƙasar Hausa, kuma littattafai biyu da ke da tazarar shekara fiye da hamsin sun ɗauke shi ta fuska biyu. Jiki Magayi, na John Tafida da Rupert East, ya bi Abubakar, wanda Malam Shehu ya aure masa Zainab da ƙarfin dukiya. Abubakar ya bar gari neman asirin ramuwa, ya samu, asirin ya faɗa kan Kyauta, ɗan da aka haifa a auren, yaron ya tashi ɓarawo, har ajalin ubansa ya zo ta hannunsa. Babu wanda ya ci riba. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a 1991 ya zama ɗaya daga cikin littattafan da aka fi saye a tarihin rubutun Hausa, ya bi ta wata hanya: Sumayya 'yar masu hali ta ƙi Abdulƙadir mai kuɗi, ta tsaya a kan Muhammad talaka, aka sha wuya, daga ƙarshe so ya yi rinjaye. Saurayin da zuciyarsa ke tafasa, yana maganar sai ya ga bayan wane, Jiki Magayi ne nasa, domin zai bi Abubakar yana jin daɗin ramuwar har ya isa inda daɗin ya ƙare, ba tare da kowa ya yi masa wa'azi ba. Wanda kuwa ya karaya, yana cewa talaka ba shi da rabo a soyayya, a ba shi na Gidan Dabino. Sai dai akwai wurin da Sumayya ta faɗa rijiya saboda an matsa mata, kuma tun fitowar littafin ake muhawara a kan wannan. Yarinyar da ake shirin yi wa auren dole, ta daina cin abinci, ta daina magana, ni ba zan sa mata shi a hannu ba. So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda kamfanin buga littattafai na NNPC ya buga a 1980, ya fi dacewa da ita: Boɗaɗo 'yar Fulani ta tsaya a kan wanda take so duk da ba ƙabilarsu ɗaya ba, kuma da bakinta ta yi tsayuwar.

Maza da yawa in aka yi maganar littafin Hausa sai su ɗaga hannu su ce su ba sa karanta soyayya. Ba na jayayya da su, Ƙarshen Alewa Ƙasa nake nema musu. Bature Gagare ya rubuta shi, ya fito a 1982 cikin littattafan da suka yi nasara a gasar Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya, kuma labarin Mailoma da ƙungiyarsa, da makamai da ƙwaya da zubar da jini, ya isa ya sa mai cewa rubutun Hausa na mata ne ya sake tunani. Ba na yara ba ne, ba kuma na mai raunin zuciya ba. Ma'aikacin da ya gaji da ganin cin hanci a ofis, Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, daga wannan gasa dai, zai nuna masa fasa-ƙwauri da yadda kuɗi ke sayen masu riƙe da doka, ya ga ashe abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya an rubuta shi tun kafin a ɗauke shi aiki. Mai son siyasa a ba shi Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi wa littafin George Orwell a 1975.

Yara maza 'yan shekara goma sha biyu zuwa sha biyar ba su da wuyar sha'ani: a ba su takobi da doki da tafiya mai nisa. Iliya Ɗan Mai Ƙarfi na Ahmadu Ingawa, Ganɗoki na Bello Kagara, yayan Abubakar Imam, Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo ga mai son sararin samaniya, sannan littattafan yaƙi na Abdul'aziz Sani Madakin Gini, waɗanda suka riƙe samari da yawa da ba don su ba da ba su taɓa gama littafi ba. Wanda bai saba da dogon karatu ba a fara masa da Magana Jari Ce, tun da labaran gajeru ne, in ya gaji ya tsaya a ƙarshen ɗaya, akun da ke ba da labaran zai jira shi.

Akwai wani kuskure da masu kyakkyawar niyya suka fi faɗawa, shi ne mayar da littafi abin habaici. Ka ga ƙanwarka tana wasa da makaranta, sai ka ɗauko Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat ka ajiye mata a kan gado. Littafin kansa yana bayan yarinya ne ɗari bisa ɗari. Abu, yarinyar cikin labarin, an cire ta daga makaranta, wanda aka yi mata alkawari da shi ya guje ta don ba ta yi boko ba, aka aurar da ita ga tsoho tana 'yar shekara goma sha uku, ta gudu Kano, ta koma karatu, ta zama ma'aikaciyar jinya. Balaraba Ramat ta san abin da take faɗa, don ita ma an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama. Amma yarinyar da ta shigo ɗaki ta ga wannan suna a kan gadonta ba za ta kai ga sanin Abu ba. Za ta ji an zage ta, ta ture shi. In kana son ta karanta, ka zauna ka ba ta farkon labarin da bakinka, ka tsaya a daidai inda aka ɗaura auren, ka ce sauran yana ciki. Haka ma mijin da ke kawo wa matarsa littafin mace mai biyayya ranar da suka yi faɗa, ko uwar da ke tura wa ɗanta labarin ɗan da ya bijire. Mai karatu yana jin ƙanshin nasiha tun daga bango, kuma da zarar ya ji, ya daina karanta labari ya koma kare kansa.

A shekarun 1990 an yi doguwar muhawara a jaridu kan ƙananan littattafan nan na Kano. Ibrahim Malumfashi ya kira su adabin kasuwar Kano, yana ganin ba za su daɗe ba kuma ba su kai na magabata ba. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu da wasu suka tsaya musu, suna cewa sun sa dubban mata da matasa karatu da harshensu, kuma suna faɗin abin da ke damun mutane. Kowane ɓangare yana da abin kamawa, don a cikin littattafan akwai masu rauni ƙwarai, an rubuta su da gaggawa, ba a tace ba. Abin da ya shafe mu a nan shi ne kada mai ba da shawara ya shigo da wannan muhawara cikin hirarsa da mai neman littafi. Matar da ta ce maka tana son na soyayya mai daɗi, ka amsa mata da cewa ai waɗannan ba adabi ba ne, ga wani mai nauyi, ba ka ɗaga ta ba, ka kore ta ne. Ba ta mafi kyau a cikin irin wanda take so. In ta dawo, ka matsa da ita taki ɗaya: wadda ta ji daɗin labaran auren dole tana iya ɗaukar 'Yartsana na Ibrahim Sheme, wanda ya bi rayuwar macen da ta faɗa karuwanci ba tare da ya yi mata ado ko ya la'ance ta ba, ko Mace Mutum na Rahma Abdulmajid. Da haka ake faɗaɗa wa mutum karatu, daga inda yake tsaye.

Wannan ba ya nufin komai aka nema a bayar. Yau yawancin sababbin labarai a waya suke, a Wattpad da rukunonin WhatsApp da Facebook, wasu kuma ana karanta su da murya a YouTube da gidajen rediyo. Babu mai tacewa tsakanin marubuci da mai karatu, kuma a cikinsu akwai na batsa tsagwaronta, sunansu da farkonsu ba sa nuna haka. Wanda zai tura wa 'yar shekara goma sha huɗu labari, ya karanta shi da kansa tukuna, har ƙarshe, ba shafi uku na farko ba. A cikin wayar nan kuma akwai marubuta mata masu hannu ƙwarai, wasunsu gasar Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016, ta fito da su. Na murya kuwa sun buɗe ƙofa ga waɗanda da ba mu lissafa su: tsohuwar da idonta ya yi rauni, direban da ke kan hanyar Kano zuwa Legas, matar da hannunta ke cikin wanki, da wanda bai yi boko ba sam. In za ka zaɓa wa irin waɗannan, ka saurari mai karantawar tukuna, domin murya mai gaggawa ko mai yawan tsaka talla tana kashe labari mai kyau.

Sauran abu guda da masu haya suka sani, mu kuma muke mantawa. Yawancin littattafan Kano kashi-kashi ake buga su, na ɗaya da na biyu da na uku, wani har na huɗu, kuma marubutan sun iya yanke labari a daidai inda numfashi ke tsayawa: an shiga da amarya, ko mota ta ƙwace, ko an buɗe wasiƙa. Tsofaffin kuwa da yawa sun ɓace daga kasuwa, sai ka sami na ɗaya da na uku, na biyu ya bi wani aro bai dawo ba. Kafin ka yaba wa mutum littafi har ya kwaɗaitu, ka tabbata duk kashin suna hannunka ko ka san inda za a same su. In na ɗaya kaɗai gare ka, ka faɗa masa tun farko, ya zaɓa ko zai fara a haka ko zai jira ka nemo sauran.